Ragowar amfanin gona: abin da ke gina kaza, da abin da ke cinye mata hanta

Daga tsakiyar watan Oktoba, duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, ko ta Damagaram zuwa Magarya, zai yi ta cin karo da amalanken shanu da na jakuna shaƙe da harawa da karan hatsi. A da, yawancin wannan kara a gona yake kwana. Manomi ya kwashe dammansa, a saki gonaki, makiyayi ya shigo da bisashensa su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Yau kara kuɗi ne. Ana tattara shi, a ɗaure, a jibge bisa rumfa ko cikin cokalin itace, a jira bazara lokacin da daji ya ƙone kuma farashin harawa ya ninka. Haka dusa da ƙowar wake da tunkuzar gyaɗa, wadda mutanen Maraɗi da Tawa ke kira gujiya: babu abin da ake zubarwa.

Wannan tattali abin yabo ne a ƙasar da ciyawa ke ƙarewa tun kafin damina ta dawo. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a wurin ciniki. Mai saye yana duba girman dami da cikar tiya. Da wuya ya tambayi yadda aka shanya abin, ko inda ya kwana watanni biyar, ko wace dabba ce ya dace da ita. Amsar waɗannan tambayoyi ita ke nuna irin nama da ƙwai da madarar da za su zo cikin kwanon iyali.

Mai tuƙa daban, kaza daban

Saniya da tunkiya da akuya da raƙumi suna tuƙa. A cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu masu yawan gaske da ke narkar da busasshen kara su mayar da shi abin gina jiki. Kaza ba ta da tumbi. Ƙundunta yana niƙa tsaba, amma ba ya iya komai da zaren kara. Alade ma haka cikinsa yake, shi ya sa binciken da ake yi a ƙasashen waje kan ciyar da ragowar amfanin gona yakan haɗa kaji da aladu wuri guda. A yankinmu alade ba dabbar kiwo ba ce in ban da ƴan wurare kaɗan, don haka darasin ya fi shafar kaji da zabi da agwagi da tantabaru.

Ga masu tuƙa, lissafin a fili yake. Busasshen karan hatsi ko na dawa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na sinadarin gina jiki ba, wato furotin. Yana cika ciki, yana hana mutuwa, ba ya sa ƙiba. Harawar wake ko ta gyaɗa da aka yanke da sauran ɗanyantaka, aka busar ba tare da ganyen ya kakkaɓe ba, tana kai kashi 12 ko fiye. Matan da ke turkar ragon layya sun san wannan tun kafin a auna: kara da rana don ya ɗebe kewa, harawa da dusa da ɗan kanwa safe da yamma. Idan aka daddatsa karan ko aka kai shi injin niƙa, dabba takan cinye kusan duka, maimakon ta tsince ganye ta tattake sauran. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta daɗe tana koyar da haɗa niƙaƙƙen kara da dusa da ƴaƴan gawo da gishiri a dunƙule kamar bulo, wanda ake iya ajiyewa ko a ɗauka zuwa arewa wajen makiyaya.

Akwai kuma jiƙa kara da takin ure: kilo 5 na ure cikin lita 50 na ruwa ga kilo 100 na kara, a yayyafa hawa-hawa, a danne, a rufe ruf na makonni biyu zuwa uku, sannan a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Yana tausasa karan, yana ƙara masa amfani. Amma na masu tuƙa ne kawai, su ma manya waɗanda tumbinsu ya ƙosa. Kaza da jaki da doki ba su da abin da za su sarrafa ure da shi, kuma ko saniya ce ta sha ruwan ure tsagwaronsa tana iya faɗuwa nan take.

A nan ya kamata a ce wani abu game da gonar kanta. Gwaje-gwajen da aka yi a tashar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa karan da aka bari kwance a gona yana tare ƙasar da iska ke kwashewa, yana kuma ƙara yabanyar baɗi. Wanda ya share gonarsa tas don ya sayar da kara, ya ci bashin damina mai zuwa.

Rabon akurki

Abin da ya dace da kaza shi ne ragowar tsaba, ba ragowar kara ba: tsaki, dusar hatsi da ta dawa da ta masara, dusar shinkafa mai laushi wadda ba ta cika buntu ba, tunkuzar gyaɗa, da ragowar riɗi bayan an tatse mai. Kazar da ke ƙwai tana bukatar abincin da ke da furotin kusan kashi 16 cikin ɗari, ƴan tsaki kuwa wajen kashi 20. Tsabar hatsi ko dawa tana da kimanin kashi 10, dusa ta ɗan ɗara haka, busasshiyar tunkuza tana da kashi 40 ko fiye. Da wannan za a ga dalilin da ya sa dusa kaɗai ba ta sa kaza ƙwai yadda ya kamata, da kuma dalilin da ya sa tunkuza ke da daraja haka. Kilo 6 na ɓarzajjen hatsi ko masara, kilo ɗaya da rabi na dusa, kilo ɗaya da rabi na tunkuza, da kilo ɗaya na garin busasshen kifi haɗe da ƙonannen ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, sun kusan kai abin da mai ƙwai ke bukata. Kazar gidan gona da ke kulle tana cin giram 110 zuwa 120 a yini. Kazar gida mai yawon tono tana samun ƙwari da ciyayi da kanta, cikin tafin hannu guda safe da yamma yana canza ta.

Furotin ɗin gyaɗa bai cika ba, akwai ɓangarorin da ya gaza a kai, shi ya sa ake haɗa shi da kifi. Masu kiwon zabi da ke tono gara don ƴaƴan zabi suna cike wannan giɓi ne, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Busasshen ganyen zogale kaɗan yana ƙara wa gwaiduwa launi. Ƙuli-ƙulin kasuwa kuwa a yi hattara da shi, don na mutane ne, an sa masa gishiri, kuma gishiri mai yawa yana kashe ƴan tsaki.

Wasu abubuwan suna kama da abinci mai kyau amma suna da sharaɗi. Ɗanyen wake yana da abin da ke hana narkewar abinci a cikin kaza, sai an dafa ko an soya shi sama-sama. Jar dawa mai ɗaci tana rage girman ƴan kaji idan ta yi yawa. Dusar angurya, wadda shanu ke ci su yi ƙiba, tana da wani sinadari da ke cutar da kaji, har ya ɓata launin gwaiduwa. Ɓawon rogo, a wuraren da ake noma shi irin su Gaya da fadamun kudancin Damagaram, sai ya bushe ƙarau a rana kafin gubarsa ta ragu. Ragowar irin shuka da aka gauraya da hodar magani, mai launin ja ko kore, ba abincin kowace halitta ba ne. Duk da haka, idan an gama shuka, akwai gidajen da ake watsa wa kaji abin da ya saura a ƙwarya.

Gubar da ba ta da wari

Babban haɗarin dai yana cikin abin da ya fi daraja, wato gyaɗa da masara. A shekarar 1960, talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila cikin ƴan watanni, aka rasa gane cutar. Da aka bi diddigi sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da garin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da shi daga Birazil. A cikinsa aka gano wata guba da wani nau'in fumfuna ke fitarwa, aka sa mata suna afalatoksin. Tun ranar farko, ke nan, labarin wannan guba labarin tunkuza ne da tsuntsayen gida.

Fumfunar tana zaune a cikin ƙasa. Tana samun shiga gyaɗa tun a gona idan ruwa ya ɗauke kafin ƴaƴa su ƙosa, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage ko gara ta huda shi. Wanda ya san daminar Maraɗi da Damagaram ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Tana kuma shiga bayan an tuge, idan aka tara gyaɗa da danshi, ko aka shanya masara a ƙasa ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, ko ƙwari suka huda tsaba a rumbu. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da za a dogara da shi, kuma tafasa ko suya ba sa kashe ta. Kaɗan ne ke isa: dokar Tarayyar Turai ta hana kayan haɗa abincin dabbobi su wuce miligiram 20 a cikin tan guda. A 2004, a gabashin Kenya, mutane 125 suka rasu bayan cin masarar gida da ta kamu. Masana kiwon lafiya sun tabbatar tana jawo sankarar hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga wanda ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma.

Ga inda matsalar kiwo take. Gubar ba ta bazu daidai cikin buhu ba. Tana taruwa ne a cikin ƴan ƙwayoyi kaɗan: waɗanda suka yamutse, suka yi baƙi ko kore, suka fashe, ko ƙwaro ya ci. Shi ya sa tsince gyaɗa da hannu ke rage gubar ƙwarai, kuma matan da ke zama da faifai suna tsinta kafin su soya suna kare iyalinsu fiye da yadda suka sani. To amma ina tsintattun ke tafiya? Kusan kullum gaban kaji. Ko kuma a tara su a sayar da araha ga mai tatsar mai, wadda ribarta ba ta kai ta sayi zaɓaɓɓiyar gyaɗa ba. Idan aka tatse mai, mafi yawan gubar a cikin tunkuza take zama. Wato an tace gubar buhu guda, an tattara ta wuri ɗaya, an miƙa wa dabbar da ta fi kowace ƙanƙanta a gidan.

Agwagwa ce ta fi saurin faɗuwa, musamman ƴaƴanta, sai talotalo. Kaza ta fi su juriya, kuma wannan juriyar ce ke ɓoye ɓarnar. Ba ta mutuwa a ranar. Sai dai ta daina girma, ƙwai ya ragu, waɗanda aka kwanta a kai su ƙi ƙyanƙyashewa. Idan aka yanka ta, hantar takan fito a kumbure, ta koɗe ta yi rawaya, tana marmashewa a hannu, wani lokaci da ɗigon jini a cikin tsoka. Duk mai fige kaza ya kamata ya riƙa duban hanta. Irin wannan hanta ba ta shiga tukunya, kuma saƙo ce cewa a je a binciki buhun abincin.

Nama, ƙwai, madara da kafso

Kada a zuzuta abin fiye da yadda yake. Gubar da ke wucewa daga abinci zuwa tsokar kaza ko ƙwai kaɗan ce idan aka kwatanta da wadda mutum zai samu in shi ya ci gyaɗar kai tsaye. Hanta ce ta fi riƙe ta. Madara ta fi ban tsoro: saniya ko akuyar da ta ci gurɓatacciyar tunkuza tana fitar da wani kaso na gubar cikin nononta kafin kwana guda ya cika, kuma sai an yi ƴan kwanaki da daina ba ta abincin kafin nonon ya tsarkaka. A gidajen da jar akuyar Maraɗi ce ke shayar da yaran da aka yaye, ko a rugagen gefen Yamai inda ake ƙara wa shanun tatsa abincin saye da rani, wannan magana ce ta lafiyar yara.

Ga kaji, babbar hanyar da mummunan abinci ke ɓata nama ta bayan gida take bi. Afalatoksin tana raunana garkuwar jiki. Kazar da ke cin ta kullum ba ta karɓar rigakafi yadda ya kamata. Mai kaji ya biya kuɗin rigakafin Niwkasil, annobar da ke share akurki lokacin hunturu, amma cutar ta zo ta kwashi rabonta, sai ya ce maganin jabu ne ko mai allurar bai iya ba. Wani lokaci haka ne, rigakafin da ya sha zafi a hanya ya mutu. Amma sau da yawa ba wanda ya leƙa kwanon abincin.

Daga nan sai a koma ga kafso ja da rawaya na teburin kasuwa, a fasa cikin ruwan sha, yau da gobe. Wadda ta ƙi tashi a yi maza a yanka kafin ta mutu, ko a kai ta kasuwa. Kowane maganin dabbobi na gaskiya yana da kwanakin jira rubuce a jikin kwalinsa, wato kwanakin da za a ƙirga bayan shan ƙarshe kafin a ci nama ko ƙwai. Kafson mutane ba shi da wannan rubutu don ba don kaza aka yi shi ba. Ragowar maganin na shiga cikin mai ci, kuma yawan amfani da shi barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, har ranar da yaro zai bukace shi a likita ya ƙi aiki. A ganina, duk shirin rigakafin kaji da bai haɗa da duba abincinsu ba ya bar rabin aikinsa a baya, kuma mataimakan likitocin dabbobi da ke zagaya ƙauyuka su ne suka fi dacewa su riƙa cewa a kawo buhun dusa su gani, kamar yadda suke cewa a kamo kaza.

Daga turmi zuwa buhu

Dusar gida tana da wani rauni da ba a cika lura da shi ba. Kafin surfe ana yayyafa wa hatsi ruwa, don haka dusa da danshinta take fitowa. Idan a ranar aka ba dabba, tare da ƙasari, babu laifi. Idan kuwa za a tara ta don sayarwa ko don ajiya, sai an baza ta a rana bisa tabarma ko leda har ta bushe. Dusar da aka cusa a buhu da danshi takan ɗau zafi cikin kwana biyu ko uku. Mai saye ya tura hannu har tsakiyar buhu: idan da ɗumi, ko ta dunƙule, ko tana warin ruma, ya bar ta komai arharta. Dusar shinkafa tana da mai, tana saurin yin ɗaci, ba a sayen ta da yawa a ajiye. Tunkuza kuma a fasa ta a duba ciki, don fumfuna takan ɓuya a tsakiya bayan bayanta ya bushe.

Gyaɗa tana son a tuge ta da zarar ta ƙosa, a kifa ta ƴaƴan suna sama, a bar ta har kwanso ya riƙa kaɗawa in an girgiza. Ga tsaba akwai gwajin da ba ya cin ko dala: a sami busasshiyar kwalba, a zuba tsabar da busasshen gishiri cokali biyu ko uku, a rufe, a girgiza, a ɗan jira. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, tsabar ba ta bushe ba, a mayar da ita rana. Buhuna kuma a ɗora su bisa itace, nesa da bango.

Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu bincike na INRAN a Maraɗi, an fara shi ne don wake. Yana toshe iska, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba, kuma yana aiki ga masara da hatsi. Amfaninsa ga kiwo biyu ne: tsakin da za a tankaɗe daga wannan tsaba ba shi da hodar maganin ƙwari, kuma ba a samun hudajjun ƙwayoyin da fumfuna ke bi. Sharaɗinsa ɗaya, abin da za a zuba ya riga ya bushe. Can a Najeriya, cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure. Wani nau'in fumfunar ne marar guba, yana riga mai gubar kama wuri.

Harawa ma tana kamuwa. Wadda ke bisa rufin ɗaki tana shan rana har ta koɗe, sannan ruwan farko na watan Mayu ko Yuni ya jiƙa ta daidai lokacin da aka fi bukatarta. A ƙarƙashin rumfa, bisa dandamali, ta fi daɗewa da korenta. Damin da ya yi baƙi a ciki ko yake tashi da farar ƙura idan an kwance shi, a ware shi. Harawar gyaɗa kuma a kakkaɓe ragowar kwanson da ke maƙale a jikinta, domin su ne ƙananan da ba su ƙosa ba, kuma su ne suka fi kamuwa.

Saura tsintacciyar gyaɗa da masarar da ta yi kore. Gauraya su da mai kyau ba ya kawar da gubar, raba ta kawai yake yi. Wanke su ko sake shanya su ma ba ya yi. Manyan shanu da tumakin da ba a tatsa sun fi kaji juriya, amma wannan ba izini ba ne, kuma ba a kusantar da irin wannan abinci ga dabbar da ake tatsa, ko mai ciki, ko ƴan tsaki, ko agwagi. Abin da ya fito fili da fumfuna a ƙone shi, ko a binne shi cikin ramin taki da zurfin da kaji ba za su tono ba. A buhun gyaɗar da aka shanya da kyau, abin da za a yi asara bai taka kara ya karya ba, sau da yawa bai kai kuɗin kaza guda a kasuwar Sallah ba.